Na liƙa sanarwa, na tura saƙo, amma masu aikin dare ba su sauya ba

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma a wani asibiti a nan Zariya, wata huɗu ke nan da aka ɗora mini shugabancin ɗakin haihuwa. An tura ni taron bita, na dawo da sabon tsari na gano zubar jini bayan haihuwa: a daina ƙiyasi da ido, a shimfiɗa wa wadda ta haihu leda mai ma'auni, idan jini ya kai layi a fara magani gaba ɗaya ba jira. Na buga takarda shafi uku na liƙa a allon sanarwa, na kuma tura a zaurenmu na WhatsApp, kowa ya ce ya gani. Bayan mako uku sai na tarar masu aikin safe kaɗai ke amfani da ledar. A makon jiya wata mata ta zubar da jini da dare, ba a shimfiɗa mata ba, ba a farga ba sai da ta fara jiri, da ƙyar aka ceto ta da ƙarin jini leda biyu. Da safe raina ya ɓaci, na yi wa babbar sistar da ta kwana a aiki faɗa a gaban ɗalibai. Matar nan ta kusa haifata, ita ta koya mini karɓar haihuwa ina ɗaliba, kowa Mama yake ce mata. Yanzu daga gaisuwa ba ta ƙara komai, sauran kuma sun bi bayanta. An ce in rubuta mata takardar tuhuma. Ina tsoron wata ta mutu a hannunmu, ina kuma tsoron ɗakin ya rabu biyu. Yaya zan yi?

Wata ma'aikaciyar jinya, Zariya

Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, alhamdu lillahi da matar nan ta tashi, Allah ya ƙara mata lafiya, ya raya abin da ta haifa. Tsoron da kike ji tsoro ne da ya kamaci mai riƙe da ɗakin haihuwa, kuma ba zan ce ki rage shi ba, domin zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata a wurin haihuwa a duniya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana samun mata wajen miliyan 14 a kowace shekara, wajen 70,000 daga cikinsu kuma ba sa tashi. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin nan ta san yadda mace mai hira da murmushi take komawa fara fat, jikinta ya yi sanyi, kafin wanda aka aika ɗakin magani ya je ya dawo. Tsarin da kika ɗauko daidai ne, kada ki ja da baya a kansa ko taku ɗaya. Inda ban yarda da ke ba shi ne cewar da kika yi kin sanar da su. A ganina har yanzu ba ki sanar da masu aikin dare ba, kin dai ajiye magana a inda kike fatan za su tsince ta.

Ki zauna ki kawo daren nan a ranki kamar kina ciki. Ƙarfe biyu ne na dare, ungozoma biyu ce a ɗaki, mata uku ko huɗu suna naƙuda, an ɗauke wuta, ana jiran a tayar da janareta, ɗaya tana haskawa da fitilar waya, jariri ya fito bai yi kuka ba, hankalin kowa ya koma kansa. A irin wannan lokaci hannu abin da ya saba yake yi, kuma hannun Mama ya yi shekaru masu yawa yana shimfiɗa zani da ƙunzugu, idonta yana ƙiyastawa. Takardarki mai shafi uku tana can a allo tsakanin jadawalin hutu da sanarwar gudummawar bikin wata, saƙonki na WhatsApp kuma ya nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da hotunan suna. Wadda ta rubuta miki "na gani" ba ƙarya ta yi ba, ta gani ɗin, amma tsakanin ganin rubutu da rana da shimfiɗa leda a cikin duhu akwai tafiya, kuma ba wanda ya raka su. Masu aikin safe sun sauya ne saboda kina tsaye a kansu, sun ga hannunki yana yi, sun tambaye ki kin amsa. Masu dare ba su sami ko ɗaya daga cikin wannan ba.

Kafin ki ɗora wa kowa laifi, akwai tambayoyin da nake so ki nemo amsarsu da ƙafarki, ba ta waya ba. Ledar nan, ina take kwana? Na yi aiki a wani asibiti inda aka kawo sababbin kaya aka yi ta faɗan ba a amfani da su, ashe suna cikin kabad ɗin da makullinsa yake tafiya gida a jakar mai aikin safe, kuma ba wanda ya lura sai bayan wata guda. Idan majinyata ne suke sayen ledar a cikin kayan haihuwa, me ake yi wa wadda aka kawo daga ƙauye da tsakar dare ba ta zo da ko reza ba? Allurar tiranekzamik asid, mai taimaka wa jini ya daskare ya tsaya, tana cikin ɗakin, ko sai an tashi mai ba da magani, an biya, an kawo rasit? Ungozoma tana da izini a rubuce ta yi allurar da kanta, ko za a ce mata gobe wa ya ba ta iko ba da sa hannun likita ba? Oksitosin, allurar da ke sa mahaifa ta matse, yana cikin firjin da ke aiki, tunda maganin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8 kuma zafin Zariya a watan Afrilu ba ya barin sa da ƙarfinsa? Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya gurgunce, to abin da kika kira taurin kai wataƙila rashin hanya ne, kuma gyaransa yana wuyanki da na shugabar ma'aikatan jinya, ba ya wuyan Mama. Batun izini musamman kada ki bar shi a baki. Ki nemi shugaban likitocin sashen ya rubuta ya sa hannu cewa idan jini ya kai layi ungozoma ta fara komai kafin likita ya iso, a liƙa a bango, kuma a gaya wa likitocin kansu, har da sababbin da ke zuwa zagaye, domin ba abin da ke kashe sabon tsari da sauri kamar ƙaramin likita ya tsawata wa ungozoma a kan abin da ke kika umarce ta.

Yana da kyau ki san asalin tsarin da kika ɗauko, domin a cikin tarihinsa akwai amsar tambayarki. Ya fito ne daga wani babban bincike da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 210,000, aka fitar da sakamakonsa a watan Mayun 2023. Jami'ar Birmingham ta Ingila da Hukumar Lafiya ta Duniya ne suka jagoranta, ɓangaren Najeriya kuwa Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta riƙe shi, wato ba abu ne da aka gwada a wata duniya aka aiko mana ba, a irin ɗakunanmu aka yi shi, da irin matanmu. A asibitocin da suka bi sabon tsari, matan da suka zubar da jini mai tsanani, ko aka yi musu tiyata saboda jinin, ko suka rasu saboda shi, kashi 1.6 ne cikin ɗari, a sauran asibitocin kuwa kashi 4.3, ragin da ya kai kashi 60 cikin ɗari ke nan. To amma ki lura da abin da aka kai wa asibitocin nan. Ba takarda aka aika musu ba. An kai ledar, an tanadi teburin turawa ko akwati da aka tara duk kayan zubar jini a ciki, an horar da ma'aikata a cikin asibitinsu ta hanyar gwaji da hannu, an zaɓi mutane daga cikinsu waɗanda za su riƙa tsayawa a kan lamarin, sannan ana dawo musu da alƙaluman aikinsu su ga inda suke. Ke leda da takarda kika kawo, sauran huɗun nan suna nan suna jiran ki.

Yanzu ga maganar Mama, wadda na san ita ta fi hana ki barci. Kin yi kuskure, 'yata, kuma ina faɗa miki ne saboda na ga zuciyarki mai karɓa ce. Faɗan da aka yi wa babba a gaban ɗalibai ba ya gyara aiki, mutunci yake zubarwa, kuma macen da ta kwana tana fama da ran wata, ta ga jini har ƙafarta, ta riga ta hukunta kanta kafin ki iso. Ki je ki ba ta haƙuri, kuma kada ki yi shi a tsaye a baranda tsakanin aiki da aiki. Ki same ta a gida idan kin san gidan, ko ki jira ta tashi daga aiki ku keɓe, ki rusuna ki gaishe ta kamar yadda kike yi kina ɗaliba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wadda ta koya miki karɓar haihuwa. Amma ki san abin da kike ba da haƙuri a kansa. Ki ce mata: "Mama, na yi miki magana a inda bai kamata ba, da muryar da ba ta kamata ba, ki yafe mini. Kuma ni na kasa, ban zo na nuna muku da dare ba." Ki tsaya a nan. Kada ki ce ledar ba dole ba ce don ki faranta mata, kada kuma ki ƙara da "amma ke ma", domin wannan kalmar tana cinye duk haƙurin da ya gabace ta.

Idan ta sauko, wataƙila ba a ranar ba, sai ki saurari abin da ke ranta, kuma ina kyautata zaton abu biyu ne. Na farko, ledar tana faɗa mata cewa idonta, wanda ta dogara da shi tun kafin ki shiga makarantar jinya, ba abin yarda ba ne, wannan kuwa magana ce mai ciwo ga gwana. Amsarki ita ce ba idon Mama kaɗai ba ne, idon ɗan'adam ne. A binciken da na ambata, a asibitocin da aka bar su da ƙiyasi an tara jinin aka auna daga baya, sai aka ga kusan rabin matan da suka zubar da jinin da ya kai a kira shi zubar jini ba a gane su ba, kashi 51 cikin ɗari kawai aka gano, alhali inda ake da leda mai ma'auni an gano kashi 93. Waɗanda suka kasa ganowar nan ƙwararrun ungozomomi ne da likitoci. Jini yana shiga zani, yana bin katifa, yana malala ƙasa, yana kuma zuba a hankali har awa guda ba tare da ya tsorata kowa ba, ga shi yawancin matanmu da ƙarancin jini suke zuwa haihuwa, abin da wata za ta jure wata shi zai kayar da ita.

Kada ki tsaya ga faɗa da baki, gani ya kori ji. Ki dafa zoɓo mai kauri, ki auna shi a ɓoye da ƙoƙon awo, ki zuba wani a kan zani, wani a kan ƙunzugu biyu, wani a ƙasa, wani a cikin tasa. Kowa ya zagaya ya rubuta ƙiyasinsa a 'yar takarda ba suna, har da likitan da ke kusa, ke ma ki sa wata ta auna miki ki shiga layi kamar kowa, sannan a buɗe a karanta. An taɓa yi mana wannan ina da shekaru sama da ashirin a aiki, na dubi zanin da ke gabana na rubuta mililita 250 da cikakken tabbaci, aka ce 500 aka zuba. Ɗakin ya yi tsit, domin kowace a cikinmu ta tuna wata mata da ta taɓa rubuta wa "jini daidai" a fayil. Tun daga ranar ba wanda ya sake buƙatar ya roƙe ni in auna. Gwajin nan ba ya cin minti ashirin, ba ya kunyata kowa tunda ba suna, kuma yana yin abin da shafi uku ba za su yi ba.

Abu na biyu da ke ranta ya fi na farko nauyi, kuma tana da gaskiya a cikinsa. Mace irin Mama ta ga sauye-sauye da yawa. Ta ga an bar diyazefam an koma magnesiyam salfet wajen jijjigar masu ciki, ta ga an bar kwinin an koma allurar atesunet wajen zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ta ga an bar sifirit an koma kilohekzidin wajen cibiyar jariri, kuma duk ta koya ta yi, don haka ba mai ƙin sabon abu ba ce. Amma ta kuma ga tsare-tsaren da suka zo da taron bita da riguna da jakunkuna, aka yi wata shida ana ɗoki, kaya suka ƙare, ba wanda ya sake tambaya. Idan ta yi shiru tana kallon ledarki, wataƙila lissafi take yi ko wannan ma na wata shida ne. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gano shi ba, mu kuwa a Zariya rimi ba baƙonmu ba ne. Ki gaya mata gaskiya: leda nawa ke sito, daga ina za a samo idan sun ƙare, wa ya ɗauki nauyin. Idan ba ki da amsa, ki nemo kafin ki sake tara kowa.

Daga nan sai ki roƙe ta abin da na tabbata zai buɗe miki ɗakin, wato ta zama ita ce mai koyar da tsarin ga masu aikin dare. Ki tambaye ta me zai hana shi tafiya, ki rubuta abin da ta faɗa a gabanta. Za ta kawo miki abubuwan da ba a faɗa a taron bita ba. Za ta ce ruwan faya da fitsari suna shiga ledar su ɓata awo, sai ku daidaita cewa ana warware ta ne bayan jariri ya fito, kafin mabiyiya ta faɗo. Za ta ce gadon haihuwa biyu ne, ba za a bar mace awa guda a kai ba alhali wata tana nishi a benci, sai ku duba tare yadda za a yi da gado da kuma wadda za ta riƙa leƙa ledar da auna bugun jini kowane minti 15. Za ta ce dangi suna bakin ƙofa suna son a ba su 'yarsu, sai ku shirya kalmomin da za a gaya wa uwa ko miji, cewa awa ɗayan nan ita ce mafi haɗari kuma ana auna jinin ne don kada a makara. Duk gyaran da ta kawo wanda bai taɓa asalin tsarin ba, ki karɓa, ki kuma faɗa a gaban kowa cewa daga Mama ya fito. Sauran da suka bi bayanta wajen yin shiru, bayanta za su bi wajen shimfiɗa ledar.

Ita kuwa takardar, ki cire ta daga allo ki mayar da ita shafi ɗaya da manyan haruffa, ki liƙa a bangon da ke fuskantar gadon haihuwa da kuma jikin teburin kayan. Ta faɗi abin da aka daina, abin da aka fara, daga wace rana, da lambar wanda za a kira. Ta nuna cewa idan jini ya kai mililita 500, ko ya kai 300 tare da wata alama irin saurin bugun zuciya ko faɗuwar awon jini, to a fara duka tare cikin minti 15: murza mahaifa, oksitosin, tiranekzamik asid, ƙarin ruwa ta jijiya, duba hanyar haihuwa da mabiyiya, da kiran na gaba idan bai tsaya ba. Ki ja layi a ƙarƙashin kalmar "tare", domin nan ne sauyin yake. Da mun saba a gwada ɗaya a jira a gani, sannan a gwada na biyu. Dalilin gaggawar ma ki sa shi a layi ɗaya: tiranekzamik asid giram 1 ne ta jijiya a hankali cikin minti 10, amfaninsa yana raguwa da wajen kashi 10 cikin ɗari a duk minti 15 na jinkiri, bayan awa uku da haihuwa kuwa ba ya ceto. Ma'aikaciyar da ta san wannan ba za ta jira gari ya waye ba. Ki rubuta da Hausa da Turanci, domin ɗakin haihuwa a garin nan yana haɗa 'yar cikin birni da 'yar Sabon Gari da 'yar Wusasa da wadda aka turo daga kudu jiya.

Ki kuma faɗi abin da ba a yi, domin kowane sabon magani yana zuwa da sabon kuskurensa. Lokacin da aka kawo kilohekzidin na cibiya an sami jarirai a ƙasashen Afirka da aka ɗiga musu shi a ido bisa zaton maganin ido ne, wasu suka makance, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2019. Maganin mai kyau ne, bayanin ne bai kai inda ya kamata ba. Haka a 2022 ta yi gargaɗi a kan tiranekzamik asid, saboda an sha rikita kwalbarsa da ta allurar kashin baya da ake yi wa mai tiyatar haihuwa, kuma kuskuren yana kisa. Tunda yanzu maganin zai riƙa yawo a ɗakinku fiye da da, ki yi magana da masu ɗakin tiyata a ware masa wurin ajiya dabam, a yi masa alama.

Lokacin isar da maganar shi ne lokacin miƙa aiki, minti biyar, a kowane canji, safe da yamma da dare, har mako biyu a jere, da ledar a hannu. Kada ki tambaya "kun gane?", domin kunya za ta sa kowa ya ce e. Ki miƙa wa ɗaya ledar ki ce ta shimfiɗa, ki ce wa wata jini ya kai 300 bugun zuciya ya hau, me za ta yi. Ki ɗauki jadawalin aiki ki riƙa sa alama a gaban sunan duk wadda ta yi da hannunta, ta haka za ki ga waɗanda kullum ake mantawa: mai hutun shekara, mai hutun haihuwa, wadda ta tafi Umara, ɗalibai, da wadda aka aro daga wani ɗaki don cike gurbi. Masu shara ma a kira su, domin mai ƙwazo a cikinsu tana iya goge jinin ko ta ɗauke ledar kafin a karanta. WhatsApp ki bar shi a matsayin tuni, saƙon murya gajere, ba hoton majinyaciya, ba kiran sunan wadda ta yi kuskure.

Ki sayi littafin rubutu ki ja layuka: haihuwa nawa, nawa aka shimfiɗa wa leda, nawa suka kai layi, nawa suka sami komai cikin lokaci, nawa aka ƙara wa jini ko aka tura asibitin koyarwa na Shika. Ƙarshen wata ki karanta musu a matsayin aikin ɗaki gaba ɗaya, kada ki raba shi zuwa na safe da na dare, kada ki mayar da shi gasa. Ranar da wata ta kama zubar jini a 500 matar ta koma gida da ƙafarta ba a ƙara mata jini ko leda ɗaya ba, ki faɗi labarin da sunan ungozomar a wurin miƙa aiki.

Takardar tuhuma kuwa, ki ajiye alƙalamin. Ana tuhumar wanda aka koya masa, aka ba shi kaya, aka ba shi izini, sannan ya ƙi, kuma ba ki kai nan ba tukuna. Idan kin yi duk wannan wata ta ci gaba da ƙi, ko Mama ce, to ran majinyaciya ya fi kunya nauyi: ki yi mata magana a keɓe, idan ta maimaita ki kai wa shugabar ma'aikatan jinya, idan ta sake sai takarda, kuma a lokacin ba wanda zai ce kin zalunce ta. Abin da ya faru a makon jiya dai dole a rubuta shi a kai sama yadda ya faru, da lokutansa, tare da naki ɓangaren, wato cewa ba a horar da masu aikin dare ba. Ku zauna ku bi daren daki-daki, tambayar ta zama ina aka makara kuma me ya jawo, Mama ta fara ba da labari ba wanda ya katse ta.

A makon nan, bayan kin je gidan Mama, ki sa sunanki a aikin dare sau biyu ko uku, a daren da take aiki. Ki zo da ledar da makullin kabad da akwatin kayan a shirye, da fulas ɗin shayi. Idan haihuwar farko ta zo, ki miƙa mata ledar ta shimfiɗa da hannunta, ke ki riƙe fitila da agogo, ki karanta mata layin kowane minti 15 tana ji.